Kaya na teku, mai kaya na Samaru: me dokar kwastam ta ce?

Maƙwabcina a Samaru ya dawo daga Maleshiya bayan shekara huɗu yana karatun digiri na uku. Shi da iyali sun sauka lafiya, amma gadaje da tukwane da akwatunan littattafai suna cikin kwantena a teku. Yara na kwana kan tabarma, uwargida na girki da tukunyar aro. Ran nan bayan la'asar ya tare ni a ƙofar gida: "Malam, wai da gaske sai na biya kwastam kan tsofaffin kujeruna?"

A'a, muddin ya cika sharaɗi. Ɗan Najeriya da ya zauna a ƙasar waje aƙalla wata 9 yana da damar shigo da kayan gidansa da na amfanin kansa ba tare da biyan harajin kwastam ba. Hatiman shiga da fita da ke cikin fasfo su ne shaidarsa, don haka wanda ya sabunta fasfo a can kada ya yar da tsohon.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lokaci. Kayan da ba su zo tare da mai su ba, ƙa'ida ita ce su sauka cikin wata 2 da isowarsa, sai fa in Hukumar Kwastam ta ƙara masa wa'adi. Jirgin ruwa kuwa ba ya sauri don kowa, yakan ya da zango a tashoshi da dama kafin ya kai tashar Apapa ko ta Tin Can a Legas. A ganina wata biyun nan ya yi kaɗan, kuma ina jin takaicin yadda ba a faɗa wa ɗalibanmu wannan tun suna can. Wanda ya ga wa'adi na neman ƙurewa ya rubuta neman ƙari da wuri. Akwai kuma fom na bayyana kayan da ke tafe a baya, wanda ya kamata a nema a cika da zarar an sauka.

Rangwamen bai haɗa da mota ba, tana da nata haraji. Haka duk abin da aka kawo don sayarwa. Talabijin ɗaya da aka sha kallo kayan gida ne, amma sababbi biyar a kwali, jami'i zai ce haja ce, kuma da gaskiyarsa. Saƙon 'yan'uwa da ake cusawa a kwantena saboda kunya yakan jawo wannan.

Yafe haraji ba ya nufin kaya za su fito kyauta. Kamfanin jirgi da masu tasha da ejan da mai tirelar da zai ɗauko daga Legas duk za a sallame su, kuma in kwanakin alfarma na ajiye kaya a tasha kyauta suka ƙare, kuɗin jinkiri kullum ƙaruwa yake. Sunan da ke takardar jirgi ya zama daidai da na fasfo, jerin kaya kuma ya faɗi gaskiya, domin ana buɗe kwantena a duba.

Akwai tashar tsandauri, wato tashar sauke kwantena a kan tudu, a Kaduna da aka ƙaddamar a 2018, wadda ta fi mana kusa nesa ba kusa ba, sai dai tun a ƙasar waje ake tambayar kamfanin jirgi ko zai kai kaya nan. Maƙwabcina bai sani ba, takardarsa Apapa ta ce. Jiya ya aika wa ejansa hoton fasfo da jerin kayan, saura masa kwana 19 a wa'adi.