Kuɗaɗen majalisun ƙananan hukumomi da rage iskar da ke ɗumama yanayi a Akra

A Akra, babban birnin Gana, hanyar da kuɗin ƙananan hukumomi ya fi taɓa batun ɗumamar yanayi ita ce kwashe shara, domin ƙididdigar da birnin ya yi bisa alƙaluman shekarar 2015 ta nuna cewa shara ce kan gaba wajen fitar da iskar da ke ɗumama duniya, sufuri na biye da ita.

Tarihi da tushen kuɗi

An kafa majalisun gundumomi na yanzu da dokar shekarar 1988, a zamanin mulkin Jerry Rawlings. Kundin tsarin mulki na 1992 ya tanadi asusun bai-ɗaya da ake zuba aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a cikinsa, a raba wa majalisun, sannan dokar 2016 ta sake fasalin ayyukansu. Wani ɓangaren kuɗin kuma daga harajin gidaje, tikitin kasuwa da lasisin sana'a yake fitowa. Jinkirin sakin kuɗin asusun tsohon ƙorafi ne. A wajen 2018 aka yanki sababbin majalisu daga babbar majalisar Akra, unguwar Nima ta koma ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas.

Shara

Idan ɓawon rogo, ragowar tuwo da ganyen kasuwa suka ruɓe a ƙarƙashin juji inda iska ba ta shiga, sukan fitar da iskar metan, wadda ta fi hayaƙin mota ƙarfin riƙe zafi. A lungunan Nima da Mamobi, inda babbar mota ba ta iya ratsawa, masu babur mai ƙafa uku da ake kira aboboya ne ke bi gida-gida suna karɓar bola, a biya su nan take. Wanda ba shi da kuɗin kuwa yakan ƙone tasa ko ya zuba a kwata. Jujin Kpone, kusa da Tema, ya kama da wuta a 2019. Shirin yanayi na Akra na 2020 zuwa 2025 ya ba da muhimmanci ga ware sharar da ke ruɓewa domin yin taki, aikin da ba ya ɗaukar ido kamar buɗe sabuwar hanya, amma yana cikin ikon majalisa.

Sufuri da lantarki

Waɗannan galibi a hannun gwamnatin tsakiya suke. Manyan motocin bas na jigilar jama'a da ake kira Aayalolo sun fara aiki a 2016, kuma ana saɓani kan nasararsu.