Takardar inshora ba ta 'yan sanda ba ce

A Sakkwato, mutum zai sabunta takardun mota, ya cusa ta inshora a aljihun gaban mota, ba zai sake ɗauko ta ba sai an tsayar da shi a hanya. Da yawa sun ɗauka amfaninta ke nan.

Ran nan a shataletalen Mai Ruwa wani ya daki bayan wata Corolla, fitila ta tarwatse, but ya lotse. Jama'a suka taru ana "a yi haƙuri, Alhaji, tsautsayi ne", daga ƙarshe wanda ya daki motar ya biya gyara daga aljihunsa, alhali takardar inshora na kwance cikin motarsa.

Ƙaramar inshorar da doka ta wajabta, tun daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida. Idan kai ne da laifi, kamfanin zai biya ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3, ban da rauni ko rasa rai, su ma yana ɗauka. Taka motar kuwa ba ruwansa, sai in babbar inshora ka yanka.

Amma kamfani ba ya biya da baki. Ɗauki hoto kafin a gusar da motocin, ka nemi rahoton 'yan sanda, ka sanar da kamfanin da wuri. Kuma fa sai takardar ta gaske ce. Wadda ɗan kamasho ya buga maka a bakin ofis, duba lambar motarka a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa da ke intanet, ka gani ko tana ciki.