Masaukin kwana da karin kumallo a tsohon gida: yadda sana'ar take a Maraɗi

Masaukin kwana da karin kumallo gida ne na zama wanda mai shi ke ware ɗaki biyu ko uku ko biyar yana saukar da matafiya a kan kuɗi, ya ba su shimfiɗa da dare, da safe a kawo musu abin karyawa. Abin da ya raba shi da otel shi ne mai gida yana nan cikin gidan, shi ke tarbar baƙo da kansa, abincin kuma daga murhun iyalinsa yake fitowa. Sana'ar ta yi suna a Ingila. A Faransa doka ta yanka mata iyaka, ɗaki 5 da mutum 15 a lokaci guda. A Maroko tsofaffin gidajen Marrakesh da Fas masu tsakar gida ne suka koma masaukai da yawa. A Nijar kuwa Agadas ce ta fi kusa da wannan, musamman tun da tsohon garinta ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013.

Tushenta a ƙasar Hausa

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa saukar baƙo ba. Tun zamanin fatauci akwai fatoma, mutumin da fatake ke sauka a gidansa, ya ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillalai, ya tsaya musu in an yi ciniki da bashi. Ba kuɗin ɗaki yake bi ba, la'adarsa tana cikin cinikin. Maraɗi garin kasuwa ce, kuma Alhazanta sun daɗe suna saukar da abokan hulɗarsu na Katsina da Kano da Damagaram a zaurukansu. Saboda haka abin da yake sabo a nan ɗaya ne kawai, wato a ce wa baƙo ga kuɗin kwana. Wannan kuwa yana da nauyi a bakin mutumin da aka raina da cewa baƙonka annabinka. Mai son shiga sana'ar sai ya fara da raba baƙon zumunci da baƙon ciniki a cikin zuciyarsa, ya kuma faɗi farashi tun a zaure, kafin a shigar da jaka. In ya bari kunya ta hana shi, ranar sallama ce za ta yi wa kowa ɗaci.

Wane gida ne tsoho a Maraɗi

Sarautar Maraɗi ta samo asali daga sarakunan Haɓe na Katsina da suka bar birninsu bayan jihadi ya ci shi a 1807. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Amma garin da ya zauna ba shi ne wanda ake gani yanzu ba. Tsohuwar Maraɗi a fadama take, gefen Gulbin Maraɗi, sai ambaliyar 1945 ta rusa ta, hukumar mulkin Faransa ta maido da mutane kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu, unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Ɗan Gulbi da Limanci suka hau da sunayensu.

Wannan ya sa tsohon gida a Maraɗi bai kai na Birnin Damagaram ko na Agadas shekaru ba. Darajarsa tana cikin hannun maginan da suka tashe shi da fasahar da suka hau da ita daga fadama, da kuma labarin mutanen da suka zauna cikinsa. Iri biyu aka fi samu. Akwai gidan ƙasa na gargajiya mai zaure da soro da zankwaye. Akwai kuma gine-ginen zamanin cinikin gyaɗa, daga shekarun 1950 zuwa farin 1973 da 1974 da ya karya kasuwar, masu kauri da baranda da dogayen tagogi, wasunsu kantuna ne ko ɗakunan ajiya a da. Mai masauki da ya ce wa baƙo gidansa ya shekara ɗari biyu ya yi wa kansa asara, don gaskiyar labarin ambaliya da hawan tudu ta fi daɗin ji.

Gini da gyaransa

Nan ne aikin yake, nan kuma kuɗin ke tafiya. Gidan ƙasa da tubali ake tashinsa, a jera shi cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya yi kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Rufin azara ne, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika cinta ba. Azara ba ta ɗaukar dogon zango ba tare da ginshiƙi ba, shi ya sa ɗakunan suke ƙanana sai inda magini ya yi ɗaurin guga, wato rufin da ake ɗorawa a kan lanƙwasassun bakuna maimakon ginshiƙi. A kan azara ake shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a yi wa rufin gangare zuwa indararo. Kaurin bangon nan shi ne babban abin sayarwar gidan. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, soron ƙasa yana riƙe sanyin dare har bayan azahar, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Ɗakin siminti mai rufin kwano ba ya yin haka.

Abokin gabarsa ruwa ne. Damina a Maraɗi gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan kan zo da ƙarfi. Kafin ya sauka dole a hau rufi a share indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Wanda ya taɓa ganin tsohon magini a kan soro bayan ruwan fari ya san yadda abin yake: yana tafe a hankali ba takalmi, yana danna ƙasa da diddige, inda ta nutsa ya durƙusa ya tona da ɗan yatsa ya ga ko laima ta kai ga azara. Magabata suna kare bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Masu iya haɗa su sun ragu ƙwarai, kuma abin takaici ne, domin abin da ya maye gurbinsu ya fi su ɓarna. Ana shafe bangon ƙasa da siminti a ga ya yi kyau, alhali siminti ba ya kama ƙasa, yana kuma hana bango fitar da laima. Ruwa ya samu ƴar kafa ya shige baya, ƙasa ta jiƙe a ɓoye, wata rana fuskar bangon ta zube gaba ɗaya.

Banɗaki ma haka. Baƙon da ya biya kuɗi yana son famfo da wurin wanka kusa, amma bututun da ke yoyo cikin bangon ƙasa ajalin bangon ne. Dabarar da ta fi ita ce a gina makewayi na siminti daban, a jingine da ɗaki ba a cikinsa ba, a bi da bututu a fili inda ido zai gan shi, a kuma nisanta ramin salga daga tushen gini. Wayar lantarki ita ma a bi da ita a sarari. Tun da wuta ba ta da tabbas, kuma yankin ya ɗanɗana duhu lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023, faranti mai hasken rana da batir da tankin ruwa sun zama cikin jarin farko.

Magada da maƙwabta

Tsohon gida da wuya ya zama na mutum guda. Yawanci gadon ƴaƴa da jikoki ne da ba a raba ba, wani yana Yamai, wata tana aure a Tasawa. Kafin a sayi katifa ko ɗaya sai an zauna da su, an rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Sai maƙwabta. Kalmar otel ba ta da farin jini a unguwannin cikin gari, mutane na tsoron gidan da za a mayar matattarar banza. Sanar da mai unguwa da liman tun da wuri, rubuta sunan kowane baƙo da takardar shaidarsa, da neman izinin hukuma, su ke raba masauki da zargi.

Tsarin gidan Bahaushe ya riga ya warware sauran. Baƙo namiji yana da zaure da ƙofar gida da ɗakunan da ke wajen, cikin gida kuwa na iyali ne. Baƙuwa ita tana iya shiga wajen uwargida, sau da yawa ma can ta fi sakewa.

Karin kumallo

Bayan an fito sallar asuba ake ɗora koko. Kafin rana ta hau katanga yaro ya shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, ya ajiye buta, ya jera kwanon koko da ƙosai mai zafi, ko waina, ko kunun gyaɗa, ga burodi da shayi da ƙwai ga mai so. Mai gida ya leƙo: "Alhaji, an tashi lafiya? Ya baƙunta?" Ya ɗan zauna, ya faɗa masa yau Litinin ce ko Juma'a, babbar kasuwa za ta cika, ya kwatanta masa hanyar fadar Sarki ko ta tabkin Madarunfa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a wannan sana'a ita ce rabin abin da aka biya. Da azumi karin kumallo ya koma sahur, mai girki ta tashi tun cikin dare. Ruwan sha mai tsabta da gidan sauro a kowane gado ba abin sakaci ba ne, balle da damina.

Su wa ke sauka

Masu yawon buɗe ido daga Turai kaɗan ne a Maraɗi, matsalar tsaro ta ƙara rage su. Baƙin gaske su ne ƴan kasuwa, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, malamai da masu bincike da ke zuwa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ƴan biki da masu zuwa kallon hawan Sallah. Garin yana kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, iyakar Najeriya kuma ta Ɗan Isa da Jibiya ba ta fi tafiyar kilomita 50 ba, shi ya sa mai masauki ke lissafi da sefa da naira duka biyu. Duk abin da ya taɓa iyakar nan ya taɓa ɗakunansa. Rufewar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, duk sun rage zirga-zirgar ƴan kasuwa. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai ratsa Katsina da Jibiya.