Fadarmu ta kallon finafinan faɗa a Maradi: tambayoyin da ake yawan yi mana

Mu tara ne. Kowane daren Asabar, da an idar da sallar isha'i, muna haɗuwa a zauren gidan babban cikinmu a unguwar Zariya, nan Maradi. A shimfiɗa tabarmi biyu, a hura gawayi, a ɗora butar shayi, a soka kile mai ɗauke da fim a bayan tele. Fim ɗaya muke kallo, na faɗa, in ya ƙare mu zauna mu feɗe shi har wutsiya. Tun da muka fara ake tare mu da tambayoyi, daga dattawan unguwa har samarin wasu fadodi da ke sha'awar yin irin namu. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da abin da nake faɗa in an yi mini su.

Kowa yana da fim a wayarsa. Me ya kai ku taruwa?

Hirar da ke biyo bayan kallon. Mai kallo a waya shi kaɗai yake, yatsansa na kan gilashi, da labari ya ɗan lafa sai ya tura gaba neman wurin duka. A gidan kallo kuwa ka biya kuɗinka, a yi ihu tare in akta ya kama bos, a kunna fitila kowa ya kama gabansa. Na daɗe ina yin duka biyun, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa wani fim ke zama mini a rai, wani kuwa in manta shi kafin in kai gida ba.

A fadarmu shayi ne ke raba dare. Na fari, mai ɗaci, ana shan shi fim na farawa. Na biyu a tsakiya, a tsayar da fim kamar minti biyar, kowa ya faɗi inda yake jin labarin zai dosa. Na uku, mai zaƙi, shi ne na hukunci. Ƙaramin cikinmu ke fara magana, babba ya rufe, don in Yaya ya riga ya ce fim ya yi, kunya za ta hana ƙanne cewa bai yi ba.

To me za a tattauna a fim ɗin da duka ne da harbi kawai?

Duk wanda ya yi mini wannan tambayar, filin kokowa nake kai shi. Filinmu na Maradi sunan Kantu yake ɗauke da shi, ɗan jihar nan da ya ci takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975. Ka je ka zauna kusa da tsoho a ranar karawa ka saurari abin da yake faɗi. Faɗuwa ita ce ƙarshen abin da ke damunsa. Ƙafa yake kallo, da yadda ɗan kokowa ya duƙa, da wanda ya fara gajiya, da wanda ya bari aka shige masa ƙugu. Kafin a yi kaye ya riga ya faɗa maka wanda zai sha ƙasa. Mutumin Maradi ya iya karanta faɗa tun yana yaro. Wannan idon muke kawowa gaban tele.

Abu na farko da muke tambaya: me ya haɗa su faɗan? In jarumi ya kashe mutum talatin, mu kuwa ba mu san abin da zai rasa ba in aka kayar da shi, to hayaniya muka kalla. Fim ɗin da ya amsa sunansa sai ya sa ka ji tsoro a kan wani, ƙanwar da aka sace, ko malamin da aka wulaƙanta, ko amanar da aka ci.

Na biyu, shi ne inda muka fi daɗewa: ana ganin faɗan kuwa? Akwai fim ɗin da kyamara ke ja baya, ta nuna maka mutum biyu daga kai har ƙafa, su yi ta bai wa juna hannu ba a yanke hoton ba. Nan ba ɓoyo, ko ɗan wasa ya iya ko bai iya ba. Akwai kuma wanda kyamara ke rawa, a nuna dunƙule, a yanke, a nuna fuska, a yanke, a nuna mutum a ƙasa. Kai za ka ji kamar an yi wani gagarumin abu, alhali ba ka ga komai ba. Sau da yawa rufin asiri ne ga ɗan wasan da bai iya ba. Ɗaya daga cikinmu, tela ne, ya ɗauki ɗabi'ar ƙirga yankan da ƙarfi. Wani dare ya ƙirga goma sha ɗaya a tsallake katanga guda. Tun daga ranar, in an ce fim ya yi zafi sai wani ya ce, "Malam tela, nawa ka ƙirga?"

Na uku: duka yana da ciwo a fim ɗin? Jarumin da aka jefo daga bene ya miƙe yana kakkaɓe riga ya riga ya gaya mana ba abin da zai same shi, daga nan fargaba ta ƙare. Mun fi girmama wanda ke ɗingishi zuwa ƙarshe.

Wai dukan nan da gaske ne?

Akasarinsa ba da gaske ba ne, kuma sanin yadda ake yin sa na ƙara daɗin kallo. Kyamara ba ta iya nuna tazara yadda ido biyu ke gani. In aka ajiye ta bayan kafaɗar mai naushi, hannunsa zai wuce gaban fuskar abokin wasansa da kamar taƙi guda, amma a hoto sai ka rantse ya taɓa. Rabin aikin na wanda aka nausa ne: shi zai fizge kai a daidai lokacin, ya saki jiki, ya faɗi. Mun gwada a zauren nan da waya. Biyu suka tsaya, ɗaya ya kai naushi iska, ɗayan ya wurgar da kai. Da aka ɗauka daga gefe kowa ya ga gibin. Da aka koma baya aka ɗauka, ƙaramin cikinmu sai da ya dafe muƙamuƙinsa.

Sai ƙara. Wannan "ɗas!" da kake ji, a ɗakin haɗa sauti ake yin ta bayan an gama ɗauka, da bugun nama ko fata, karyewar ƙashi kuma da karya ganyayyaki masu ƙauri. Ka kashe murya ka kalli faɗa ɗaya. Wanda aka tsara da kyau zai riƙe ka duk da haka, na bogi kuwa sai ya koma kamar rawa.

Akwai kuma dabarar sauri. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa. In aka ɗauki faɗa da ƙasa da haka, misali 22, aka haska shi a 24, sai motsin ya ɗan ƙara sauri ba tare da ido ya farga ba. Masu shirya finafinan Hong Kong sun yi amfani da wannan sosai. Masu tashi sama kuwa igiyar ƙarfe ce ɗaure a ƙugunsu, mutane na ja daga gefe, daga baya a goge ta a kwamfuta. Gilashin da ake fasawa da kai na musamman ne, a da da sukari ake yin sa.

Amma kada wannan ya sa a raina aikin, don akwai jini na gaske a cikinsa. A Yugoslabiya, wurin ɗaukar fim, Jackie Chan ya yi tsalle zuwa bishiya, reshe ya karye, ya faɗo da ka a kan dutse, ƙoƙon kansa ya tsage sai da aka yi masa tiyata. A 1982, a Bangalor ta Indiya, Amitabh Bachchan ya bugi kusurwar tebur da ciki wurin ɗaukar faɗa a fim ɗin Coolie, ya kwanta asibiti rai a hannun Allah. Da fim ɗin ya fito, an daskarar da hoton a daidai wurin, aka rubuta cewa nan ne ya ji ciwon. Brandon Lee kuwa, ɗan Bruce Lee, a 1993 ya mutu yana da shekara 28, wurin ɗaukar fim a Amurka, saboda wani guntun harsashi da ya maƙale a bindigar wasa ba a duba ba.

Na Sin, na Indiya, na Amurka, wanne ya fi?

Wannan gardamar ba ta ƙarewa a wurinmu, amma ni ina da matsaya. In maganar faɗan hannu ake, na ba mutanen Hong Kong da maƙwabtansu. Dalili kuwa a fili yake: da yawansu sun iya abin tun kafin su ga kyamara. Jackie Chan yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar wasan kwaikwayon gargajiya, ya yi shekara goma yana koyon tsalle da juyi da faɗuwa. Jet Li zakaran wushu ne, wato wasan faɗan gargajiya na ƙasar Sin, tun yana yaro. Tony Jaa na Tailan da ya fito a wani fim a 2003 da damben ƙasarsu na gwiwa da gwiwar hannu, abin da aka tallata fim ɗin da shi ke nan, cewa ba igiya ba kwamfuta. Bruce Lee ya rasu a 1973 yana da shekara 32, finafinansa ba su da yawa, amma har yau in yaro ya ɗaga ƙafa a lungu da sunansa ake tsokanar sa.

'Yan Indiya sun fi kowa iya sa ka damu da jarumi: uwa, ƙanwa, talauci, zaluncin mai kuɗi, abubuwan da muka sani. Sai dai in aka naushi mutum ya tashi ya fasa mota, telanmu kan ajiye ƙirgensa. Amurkawa kuwa kuɗi gare su, motoci da jirage da fashewa, wurin nan ba mai ja da su.

Kuna kallon masu fassarar Hausa?

Muna kallo, don ba dukanmu ne muka yi lakkwal mai zurfi ba, kuma faransancin fim da sauri yake. Fassarar da ke zuwa daga Kano ta buɗe wa mutane da yawa labarin da a da hoto kawai suke bi. Aibinta guda: wani mai fassarar yakan ƙara barkwancinsa a inda ake kuka, ko ya danne sautin asali har ka rasa kiɗan da aka gina faɗan a kai. In mun samu fim a siga biyu, mukan maimaita babban faɗan ƙarshe da muryarsa ta asali.

"Ku yaran nan, ba wannan kallon ne ke koya wa 'ya'yanmu ta'addanci ba?"

Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya tsaya a bakin zaure ya yi mana ita, muka tashi muka ba shi wuri. Na ce masa, Baba, maganarka tana kan hanya, kuma ba yau aka fara ta ba. Tun 1966 ɗan ƙasar nan, Mustafa Alasan, ya yi fim a kan wannan damuwar: wani saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suna kwaikwayon abin da suka gani a majigi har suka addabi garinsu. Mutumin da sinima ce sana'arsa shi da kansa ya hango haka.

Abin da na gani da idona shi ne, haɗarin ya fi yawa ga yaron da ke kallo shi kaɗai, ba mai ce masa wannan igiya ce, wancan jinin rini ne, wanda aka harba in da gaske ne ya bar marayu. Don haka muka sa doka. Yaro ba ya zama da mu. Alamar nan da ke fitowa a kusurwar tele, 10 ko 12 ko 16 ko 18, shekarun da bai kamata wanda bai kai su ba ya kalla take nufi, iyaye da yawa ba su lura da ita. Wanda zai kawo fim sai ya riga ya kalle shi a gida; in akwai tsiraici ba ya shigowa zauren, in ɗan wuri ne guda a tsallake shi. Fim ɗin da ke ƙawata yankan mutane don yankan kawai mun daina kawo shi, a yankin da kusan kowa ya san wani da 'yan bindiga suka taɓa a ƙauyukan bakin iyaka. Ba ma farawa sai an yi isha'i, sha ɗaya da rabi mun tashi, don asuba. Da azumi kuwa fadar kallo a rufe take.

Baba bai ce ya yarda ba. Ya sha shayi na biyu, ya ce mu rage murya, ya tafi.

Mu ma muna son farawa. Me ake bukata?

Ba yawa. Mutum shida zuwa goma, in sun wuce haka hira sai ta zama kasuwa. Rana ɗaya tsayayya a mako. Kowa ya ajiye dala ashirin ko abin da kuka daidaita, na ganyen shayi da sukari da gawayi. Zaɓen fim a yi shi bi da bi, wanda ya zaɓa kuma shi zai kare zaɓinsa in an zo hukunci. Ku tanadi batir ko ƙaramin sola, don lokacin zafi kuran na iya ɗaukewa ana tsakiyar faɗa. Wayoyi a kife su a tabarma.

Ku sayi littafi na rubutu. Namu a hannun mai zauren yake: kwanan wata, sunan fim, wanda ya kawo, makin kowa daga ɗaya zuwa goma, da magana ɗaya da aka fi yin gardama a kanta. Wata shida bayan mun fara muka sake kallon fim ɗin da ke shafin farko, wanda kusan dukanmu muka ba tara. A karo na biyu mafi yawan maki shida ne, tela ya ba shi huɗu.