Me ake nufi da reza mai kaifi da reza mai laushi?

Wani ɗan yayana da ke zaune a Shara Mansur a Makka ya gaji da kuɗin shagon aski, ya sayi abin aski na ƙarfe irin wanda ake buɗewa a sa masa reza mai baki biyu. Da ya je sayen reza, wadda Larabawa ke kira mus, sai mai shago ya tambaye shi: mai kaifi ko mai laushi? Ya zo yana ce mini, "Kawu, ashe akwai rezar da ba ta da kaifi?"

Babu. Kowace sabuwar reza tana yanka. Idan masu aski suka ce mai kaifi, suna nufin bakinta ya yi siriri ƙwarai, tana share gashi da taɓawa ɗaya, kuma hannu na ɗan karkacewa sai jini. Feather ta Japan ce ta yi suna a nan. Mai laushi kuwa ita ce mai yafe wa hannun ɗan koyo, irin Derby ta Turkiyya. Astra da Lord ta Masar ana sa su a tsakiya. Laushin ba daga ƙarfen kaɗai yake ba, har da abin da ake shafe bakin da shi. Tun 1962 da kamfanin Wilkinson Sword ya fito da reza mara tsatsa mai shafe, kamfanoni suke lulluɓe bakin da sinadarai masu santsi domin ta zame a kan fata.

Laushi daban, dakushewa daban, kuma nan ne yara ke ruɗewa. Dakusasshiyar reza jan gashi take yi, sai mutum ya danna, dannawar ce ke yanka shi.

Abin da ya fi damuna shi ne gashinmu. Gemun yawancinmu murɗaɗɗe ne, mai ƙarfi. In aka aske shi ƙwal, yana fitowa sai ya lanƙwasa ya koma cikin fata, ƙuraje su cika ƙasan haɓa, ga gumin Makka yana ƙara musu ƙaiƙayi. Reza mai laushi sosai ba ta iya wannan gemu sai an maimaita sau uku, mai tsananin kaifi kuma ta fi ƙarfin hannun da bai saba ba. Shi ya sa na ce masa ya fara da ta tsakiya, ya jiƙa fuska da ruwan ɗumi, ya tada kumfa sosai, ya bi kwanciyar gashi, ya bar nauyin abin askin ya yi aikin. In ya gama ya goga alif, inda ya ji raɗaɗi nan ne ya danna da yawa.

Na kuma hana shi sayen kwali mai guda 100 tun yanzu. Ƙaramin fakiti mai guda 5 daga iri biyu ko uku ya ishe shi gwaji, kowace reza ya yi aski uku ko huɗu da ita ya yar, kuma kada ya ara wa kowa.