Ku san tumbin dabbarku kafin ku zuba mata abinci

Iyayenmu mata masu turke akuya biyu ko uku a bayan ɗaki, da samari masu kiwon ragon layya, wannan bayanin naku ne. Sau da yawa idan aka kira mu, mu masu duba lafiyar dabbobi, da gaggawa wai dabba ta kwanta, sai mu tarar babu wata annoba, abin da aka zuba mata a kwano ne ya kayar da ita.

Akuya da tunkiya da saniya asalinsu namun daji ne. Masu binciken tarihi sun gano cewa kimanin shekara 10,000 da suka wuce mutane suka fara tsare akuyar daji a tsaunukan Zagros, cikin ƙasar Iran ta yau, tumaki da shanu marasa tozo kuma a yankin Turkiyya da Siriya da Iraƙi. Shanu masu tozo a kwarin kogin Indus na Pakistan aka fara kiwonsu, daga baya suka shigo Afirka suka gauraya da waɗanda suka tarar, har muka sami Bunaji da Rahaji da Bokolo. Zaɓen iri na tsawon zamani ya canja musu launi da girma da yawan nono, ya ba mu jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, da tumaki irin su Balami da Uda da 'Yankasa. Cikinsu kuwa yana nan yadda yake tun suna daji, na ciyawa ne da ganye.

Duk wanda ya taɓa wanke kayan ciki ya ga cewa cikin waɗannan dabbobi kashi huɗu ne. Mafi girma shi ne tumbi, yana ɓangaren hagu, na babbar saniya kan ɗauki fiye da lita 100. A cikinsa akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narkar da harawa da karan dawa su mai da su abin da jiki zai amfana. Shi ya sa dabba ke kwanciya tana tuƙa: tana dawo da abin da ta haɗiye ta sake niƙa shi, yawun da ke bin sa kuma yana kashe tsamin tumbi. Dabbar da ta daina tuƙa, a bincike ta tun ba ta kwanta ba. Ku dafa tafin hannu a kwiɓinta na hagu, bayan haƙarƙari na ƙarshe, ku ɗan jira. Mai lafiya za ku ji tumbin ya taso ya koma sau ɗaya ko biyu a minti guda.

Waɗannan halittu ba sa son sauyin abinci farat ɗaya, kuma nan ne masu ragon layya ke yin asara. An sayo rago daga ƙauye inda ya saba da ciyawa, sai a cika masa kwano da masara ko gero ko ragowar tuwo da shinkafar biki, wai don ya yi ƙiba kafin Salla. Hatsi mai yawa yana sa tumbi ya yi tsami, halittun su mutu, rago ya ƙi ci, ya kama zawo, wani ma ya kwana bai tashi ba. Ana so ya yi ƙiba, mun sani. To a fara da dusa kaɗan, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma kullum a fara ba shi harawa ko busasshiyar ciyawa kafin hatsi. Ruwa mai tsabta da gishirin lasa kada su yanke.

Farkon damina ma haka abin yake. Dabbar da ta sha wahalar rani idan ta afka wa ɗanyar ciyawa da yunwa, iska kan taru a tumbi ta kasa fita, kwiɓin hagu ya kumbura, idan ka buga ka ji kamar ganga. A tsayar da ita, ƙafafun gaba a kan tudu, a hana ta kwanciya, a kira malamin dabbobi nan take. Kada wanda bai koya ba ya soke ta da wuƙa, kada kuma a ɗura mata komai da ƙarfi, don yana iya bi ta huhu. Gyauron dawa kuwa makiyaya sun daɗe da sanin sharrinsa, sabon tohonsa na ɗauke da guba mai kisa cikin ɗan lokaci.

Sai leda. Akuyar da ake saki ta yi kiwo a bola tana haɗiye leda saboda ƙanshin abincin da ke jikinta, tumbi kuma ba ya narkar da ita. Tana taruwa ta dunƙule, akuya ta yi ta ramewa alhali ciki na nan tulu, a yi ta sayen maganin tsutsa a banza. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin awakin cikin gari. Idan ta taru da yawa babu allura ko ƙwayar da ke fitar da ita, sai likitan dabbobi ya yi aiki, kuɗin aikin kuma wani lokaci ya kusa kai kuɗin akuyar.