Littafin abacada mai waƙa da hotuna

Littafin abacada mai waƙa da hotuna ɗan ƙaramin littafi ne da ake yi wa yara, galibi 'yan shekara biyu zuwa shida. Kowane harafi yana da shafinsa: harafin da manyan baƙaƙe, hoton wani abu da sunansa ya fara da shi, sai baiti ɗaya ko biyu masu amsa-amo, mafi yawa na ban dariya. Tun farko ba yaron ne ke karanta shi ba. Uwa ce ko yaya ko malamar aji ke rera masa, shi kuma yana bin hoto da yatsa, har waƙar ta zauna masa, sannan daga baya ya gane cewa wannan zanen da ke saman shafi shi ne sautin da ke ta dawowa a bakinsa. Abin da ya raba shi da littafin koyon karatu na aji shi ne wasa. Ba ya ba da aikin gida, ba ya jarrabawa.

Asalinsa a Turai da Amurka

Kafin littafi, a Ingila akwai wani ɗan katako mai mariƙi da ake manna wa takardar haruffa, a rufe ta da siririn ɓawon ƙaho don kada hannun yara ya lalata ta. Hoto ya shigo sosai a 1658, da malamin nan John Amos Comenius ya buga Orbis Sensualium Pictus a birnin Nuremberg na Jamus. A farkon littafin ya haɗa kowane harafi da kukan wata halitta: hankaka na cewa "a a", ɗan rago na cewa "be e e". Wajen 1690 aka buga wani littafin farawa a Boston ta Amurka mai baiti biyu-biyu ga kowane harafi, sai dai wa'azi ne zalla, ya ma fara ne da zunubin Adamu. Raha ta samu gindin zama a ƙarni na 19, musamman a hannun marubucin Ingila Edward Lear, wanda ya yi abacada iri-iri na shirme da gangan. A Afirka kuwa an fi sanin na Ifeoma Onyefulu, 'yar Nijeriya, da ya fito a 1993 da hotunan da ta ɗauka da kyamara, amma da Turanci yake, kuma ba waƙa ba ne.

Abin da makarantar allo ta riga ta yi

Wanda ya tashi a Katsina ko Daura ba baƙo ba ne ga koyon harafi da rerawa. A matakin babbaƙu, kafin a kai ga farfaru inda ake sa wasulla, yaro yana kiran haruffan allonsa da murya mai kari: alu, ambaki, wau, zal. Sunayen da Hausawa suka raɗa wa haruffan Larabci su ma siffantawa ne. Akwai ba guje da ta guje, jim ƙarami koma baya, lam jaye da lam ara, mim jaye da mim ara, nun guda, ha kuri. Kowane suna yana gaya wa yaro yadda harafin ya kwanta ko ya miƙe ko ya ja wutsiya. Ke nan abu biyu daga cikin ukun da littafin abacada ya dogara a kansu, wato kari da siffa, sun daɗe a zaure. Hoto ne kawai babu.

Jera waƙa bisa haruffa ma tsohon abu ne a nan. Ishiriniya, waƙar yabon Annabi ta Alfazazi, malamin Andalus na ƙarni na 13, an tsara ta ne harafi bayan harafi, kowane harafi da baiti ashirin da ke ƙarewa da shi. Wali Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya yi mata sharhi. Wannan karatun manya ne, ba na yara ba, amma ya nuna kunnen mutanen wurin ya saba da waƙar da haruffa ke jan ragamarta.

Haruffan boko

Rubutun boko ya daidaitu a hankali. Hanns Vischer, Baturen da aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Kwalejin Katsina, da aka yi bikin buɗe ta a 1922, ita ta yaye malaman da suka bazu a Arewa suna koyar da wannan rubutu. Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun tabbata a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya.

Lissafin haruffan yana da ɗan saɓani tsakanin littattafai, kuma mai tsara littafin yara dole ya tsai da magana ɗaya. Daga haruffa 26 na Turanci, Hausa ta ajiye p, q, v da x, saura 22. Ta ƙara ɓ, ɗ, ƙ da 'y, suka koma 26. In an ƙidaya sh da ts, 28 ke nan, da alhamza 29. Littattafan hotuna sun saba zuwa da shafi 32 saboda yadda ake naɗe takarda a maɗaba'a, don haka abacadar Hausa tana shiga daidai, harafi ɗaya shafi ɗaya. Baƙaƙe masu goyo irin su ky, gw da ƙw yawanci sai a littafi na gaba.

Yadda ake gina baiti

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gane littafin da aka haifa da Hausa da wanda aka juyo. Littafin abacada ba ya fassaruwa. Hoton da ya dace da harafi a Turanci, da an kira sunansa da Hausa ya koma wani shafi, ko ya rasa shafi gaba ɗaya. Harafin c kaɗai ya isa misali: a Hausa sautin cokali ne da cinnaka da carbi, ba shi da alaƙa da yadda ake furta shi a ajin Turanci.

Amsa-amo a Hausa abu ne mai sauƙin samu, domin kusan duk kalmomin asali da wasali suke ƙarewa. Sauƙin nan shi ke jawo ragwanci. Baitin da ya ƙare da "a" kawai a ɗango biyu bai ba kunnen yaro komai ba. Wanda ya iya yakan daidaita gaɓar ƙarshe dungurungum, ko ma biyu, sannan ya cika farkon kalmomi da harafin shafin. Ga irin yadda ake yi:

Balbela ta bi bayan bajimi,
Ta bar Bala a baya yana gumi.

Ɓera ya ɓuya cikin ɓawo,
Ya ce wa kyanwa gobe ki dawo.

Ƙuda ya sauka Ƙofar Ƙaura,
Ya ce da ƙwaro mu je Daura.

An jera b da ɓ kusa da juna da niyya, domin bambancinsu shi ne darasin. Yaron da ya ji bari da ɓari, ko kafa da ƙafa, a bakin wasa, ba zai ɗauki ƙugiya a matsayin ado ba. Salon maimaita baƙi ɗaya kuwa Hausa na da shi tuntuni a gagara-gwari, irin na ƙato da kwaɗo da ƙoto, kuma daga can ya fi kyau marubuci ya ɗebo, haɗe da karin waƙoƙin reno da na gaɗa, waɗanda yara suka riga suka iya tafa musu.

Bincike ya goyi bayan wannan wasa. A 1983 Lynette Bradley da Peter Bryant na Jami'ar Oxford sun nuna cewa yaran da ke saurin gane kalmomi masu amo ɗaya, a farko ko a ƙarshe, tun kafin su fara karatu, sun fi saurin iya karatu daga baya. A kan yara masu Turanci aka yi binciken. A Hausa, inda rubutu ke bin furuci kusan sau da ƙafa, gaɓa ce tsani: ba, be, bi, bo, bu. Shi ya sa littafi mai kyau yakan sa waɗannan a ƙasan shafi, kuma ya koyar da sautin harafi, ba sunansa na Turanci ba.

Shafuka masu gardama

A, i da u ba su da matsala: agwagwa, ido, ungulu. E da o kuwa kalmomin da suka fara da su kaɗan ne, yawancinsu aro, irin su eka da ofis, kuma ba abubuwan da ke burge ɗan shekara uku ba ne. Shafin 'y kusan dangi ɗaya ne ke cikinsa: 'ya, 'ya'ya, 'yan, 'yar. Harafin r yana ɗauke da sauti biyu da rubutu bai raba ba. Karin sauti da tsawon wasali ma ba a rubuta su, sai hoto ya raba gardama tsakanin fara da ake ci da fara ta launi.

Hoton kansa yana iya yin ƙarya. A zana dabbar nan mai kama ɓera a shafin m, a wani gida a ce mage, a wani mussa, duk sun zauna. Amma yaron da aka saba masa da kyanwa ya ɓace. Dole mai zane da mai waƙa su zaɓi abin da sunansa ɗaya ne a ko'ina.

Karin harshe shi ne babban abin lura a ƙasar Katsina. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina ga Kananci, alhali a Katsinanci ana jin hwara a maimakon fara, hita a maimakon fita, hili a maimakon fili, ɗiya a maimakon 'ya. Yaro na iya kallon hoton fitila a shafin f ya ce hitila, kuma bai yi kuskure ba, yadda ake faɗa a gidansu ya faɗa. Malamin kirki ba ya tsawata masa. Yakan nuna masa cewa abin da yake furtawa haka, ga yadda ake rubuta shi. Baiti mai daɗi yana sauƙaƙa wannan, domin yaro na kwaikwayon waƙa ba tare da ya ji an raina bakinsa ba.

Samuwarsa

Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen gida, kuma daga 2015 shirin RANA, da UNICEF ta tallafa, ya kai littattafan koyon karatu da Hausa makarantun firamare a jihohin Katsina da Zamfara. Waɗannan na aji ne. Na wasa, mai kauri da launi da waƙa, wanda za a ajiye a ɗaki yaro ya ja ya tauna, har yanzu na Turanci ya fi yawa a shagunan littattafai, kuma buga launi a takarda mai kauri yana da tsada. Wasu malamai sukan yi nasu da kwali da alƙalamin launi su liƙa a bango.

Mai bugawa yana da abu biyu da zai duba. Wasu nau'o'in rubutun kwamfuta ba su da baƙaƙe masu ƙugiya, sai ƙ ta fito k, shafin ya rushe. Sannan Katsina da Daura duk suna bakin iyaka, littattafai na ƙetarawa zuwa Maraɗi da Damagaram suna dawowa, kuma a Nijar ana rubuta 'y da harafi guda mai ƙugiya, wato ƴ. Littafin da ake so ya yi aiki a ɓangarorin biyu yakan nuna siffofin biyu a shafi ɗaya.